Ka Mayar Da Alkyabbar, Ka Dawo Mini Da Risha

Zuwa ga Ƙusai, hasken idanuna kuma hayaƙin da ya shige su, ruwan sanyin da na sha na ƙware, inuwar kurnar da na fake a ƙarƙashinta ta zubo mini ƙaya. Mijina, masoyina, mai laifina.

Ga sallama, wadda addini ya hana ni in hana ka. Sauran gaisuwar, mai zuma da turare da na saba aiko maka, na riƙe ta tukuna.

Za ka tarar da wannan takarda a tsakanin rigunan da na ba direban kamfaninku ya kai maka sansanin aiki. Na wanke su, na goge su, in kuwa ka ga wuyan farar ya ɗan ƙone, ba kuskure ba ne. Da hannu na rubuto saboda waya ta zame maka maɓoya. In na ce "Risha", ka ce ba ka jina sosai. In na tura maka saƙo mai tsawon rawani, ka amsa mini da hoton jar zuciya. Me zan yi da jar zuciya, Ƙusai? In ɗaura mata igiya in fita da ita yawo? In zuba mata ruwa a kwanon da ke bakin ƙofar kicin, wanda har yau na kasa ɗaukewa?

Ko ka manta wace ce Risha? Bari in tuna maka, tun da zafin garin nan na Al Ain ya soya maka tunani. Ita ce 'yar saluƙin da Babana ya zaɓo daga cikin 'ya'yan karyar farautarsa, ya ɗora mini a cinya ranar lallena a garinmu Karak, hannuwana a ɗaure, ko shafa ta ban iya yi ba. Bai ce "ga taku" ba. Cewa ya yi, "Ghaida, saluƙi ba a sayensa ba a sayar da shi, hannu ke miƙa wa hannu. Ga taki." Kana tsaye a bakin ƙofa, ka ji da kunnenka, har ka yi dariya ka ce an haɗa ka da suruka mai ƙafa huɗu.

Kuma kai ne fa, ya wata ɗan daren sha huɗu, kai ne ka tsaya mata lokacin da aikin nan ya samu, aka ce mu bar ƙasa. Allurai, ɗibar jini, akwatin da aka auna ta a tsaye aka auna ta a kwance kafin a yarda da shi. Mahaifiyarka tana tafa hannu tana cewa, "Mutane na fita da zinariya, ku kuna fita da kare!" Ka sumbaci goshinta ka ce, "Umma, zinariyar ke nan." A filin jirgin Amman ka laɓe a bayan mota ka cire singiletinka, ka shimfiɗa mata a akwati don ta riƙa jin ƙanshinka a duhun cikin jirgi. Da muka sauka aka turo ta tana rawar jiki, ka durƙusa a kan siminti cikin sabon wandonka, ka sa yatsunka ta cikin wayar akwatin, kana kiran sunanta a hankali har ta daina. Ranar na ce a raina, duk littattafan soyayyar da na karanta ba su yi mini ƙarya ba: akwai irin wannan namiji a duniya, kuma ni aka ba.

Ina wannan mutumin? Wa ya ɗauke shi ya bar mini mai kama da shi?

Kai kana da aiki, kana da abokan shan shayi, kana da masu kiran sunanka. Ni me nake da shi a garin nan? Ɗaki biyu, na'urar sanyaya ɗaki mai gurnani, da tagar da in na leƙa ba na ganin kowa sai motoci. Risha ce ke tashina da asuba da sanyin hancinta. Ita nake karanta wa littafi da ƙarfi don kada in manta muryata. In jarumin ya yi abin haushi na wurgar da littafin, ita ke ɗauko mini shi. Saboda ita na san hanyar kasuwa, saboda ita maƙwabciya ta fara yi mini magana, saboda ita na haɗu da Ummu Matar a wurin likitan dabbobi, dattijuwar da ta dube ta daga kunne zuwa jela ta ce, "'Yata, wannan ba ta zaman bene ba ce. Ki kawo ta ranar Juma'a da safe bayan gari, inda mijina da abokansa ke sakin nasu."

Ni na ja ka zuwa wurin, wannan na sani, kuma shi ne ke ƙona ni. Na guga maka riga, na dafa gahawa irin ta gida na cika fulas. Wayyo, wannan safiya! Rairayi ja kamar an barbaɗa lalle, saluƙai a jere kamar barewa, kowanne da mai shi yana kiransa da sunan so. Rabona da in ji ni cikin mutanena tun da muka bar Karak. Ba wanda ya ja rigarsa don Risha ta wuce, ba wanda ya tambaye ni me mace ke yi da kare. Mata muna kan tabarma, ana tambayata sunan uwarta da kakarta kamar ana neman aurenta. Da aka ja fatar zomo da mota aka sake su, ta tashi, Ƙusai, ta tashi kamar iskar da ke gaban hadari, kunnuwanta na kaɗawa, ƙafafunta ba sa ko gaisawa da ƙasa. Na miƙe tsaye ina ihu, mayafina ya zame ban sani ba.

Sai Bu Matar, mijin dattijuwar, babban wurin, ya tako da sandarsa ya tsaya a gabanka. Ya shafa wuyan Risha ya ce, "Masha Allah. Na tsufa cikin karnukan nan, ban ga mai irin wannan ƙirji ba." Kai kuwa, ya zumar da ta koma maɗaci, ka ɗora hannu a ƙirji, ka sunkuyar da kai, ka ce, "Taka ce, Baba."

Na san me za ka ce. Za ka ce haka ake yi a gida: a yabi agogonka ka ce "naka ne", a amsa maka da "ya fi kyau a hannun mai shi", kowa ya tafi da abinsa. Na sani! A ƙasar da aka haife ka aka haife ni. Amma agogo ne wannan? Kuma a Karak kake? Kana tsaye ne a tsakiyar mutanen da ba su san wata kyauta da ta fi saluƙi girma ba, mutanen da in an miƙa musu shi, ƙin karɓa zagi ne. Tsohon idonsa ya kawo ruwa, ya matso ya haɗa hancinsa da naka ya ce, "Na karɓa, ɗana." Ya cire alkyabbar da ke kafaɗarsa ya yafa maka. Maza suka ɗauki kabbara. Kai kuma ka tsaya kana murmushi!

Numfashi ɗaya ya ishe ka. Da ka ce, "Baba, ka yafe ni, bakina ya riga ni, ta matata ce," da an yi dariya an wuce wurin. Amma alkyabbar ta yi maka daɗi a kafaɗa. Na gani a fuskarka. Baƙon da ba wanda ya san sunansa ya zama ɗan Bu Matar cikin ƙiftawar ido, ana ta miƙo maka hannu, ana ba ka gahawa kafin kowa. Ka zo wurina kana kallon ƙasa ka zare igiyarta daga hannuna, kana raɗa mini, "Don Allah kada ki ba ni kunya a nan, za mu gyara." Na sake maka, don ban taɓa tsammanin "za mu gyara" na nufin ka tattara kayanka ka gudu sansani ba. Tana bayan motarsu tana leƙena ta gilashi har ƙura ta rufe su.

A littattafan da kake yi mini dariya a kansu, namiji kan ratsa hamada don ya nemo wa masoyiyarsa ɗan kunne guda da ya faɗi. Ban taɓa neman haka a wurinka ba. Ban nemi ka ratsa komai ba. Amma ko marubuci mafi mugunta bai taɓa ƙirƙiro jarumin da ya ba da ran matarsa don a ce masa sannu ba.

To, ka sani ban zauna ina kuka kawai ba. Jiya na ɗauki tasi na je gonarsu. Ummu Matar ta tarbe ni da dabino da gahawa, ta dube ni ta ce, "Ke ma kin daina cin abinci? To kun zama biyu." Ta kai ni inda Risha take. Ba zan yi musu ƙarya ba, sun karrama ta: ɗaki mai sanyi, katifa, har lalle sun sa mata a ƙafafu kamar amarya. Ga nama a gabanta ƙuda na bi. Ƙasusuwan haƙarƙarinta sun fito ana iya ƙirgawa. Da ta ji muryata ba ta yi tsalle ba, ba ta da ƙarfin yi. Jan jiki ta yi ta zo ta cusa kanta a cikin mayafina, ta yi wani ƙara da ban taɓa ji a bakinta ba. A tafin hannuna ta ci, loma loma, kamar jaririya.

Dattijuwar tana tsaye tana girgiza kai. Ta ce, "Mazan nan, Allah ya shirya su. Ki gode wa Allah tsohon nan ba ke ya yaba ba, da yanzu ke ce a ɗakin nan da lalle a ƙafa!" Ta yi dariya, ni ma na yi, amma a tasi da zan dawo na sake juya maganar, na ga ba ta dariya ba ce. Bari in tambaye ka, ya sanyin hantata: me ke cikin gidanmu da ba za ka ɗora hannu a ƙirji ka bayar ba, in dai babban mutum ya yaba a gaban jama'a?

Na ga Bu Matar da kansa. Ba mugu ba ne, kuma wannan ya ƙara mini haushinka, don da mugu ne da na raba fushina biyu. Da ya ji tawa ce, ya riƙe gemu ya ce, "Subhanallahi. 'Yata, ban sani ba. Tun da ta zo ban yi barcin kirki ba, ina jin kukanta." Na ce to ya ba ni ita in tafi. Ya ce, "Ba zan iya ba. Namiji ya ba ni a gaban maza. In na mayar bai nema ba, na ce wa duniya kyautarsa ba ta kai ba, na zubar masa da mutunci har abada a wurin nan. Amma ya zo inda ya bayar, ya buɗe baki ya nema, wallahi kafin ya rufe bakin igiyar na hannunsa."

Ka ji? Tsohon da bai haɗa komai da kai ba yana tsare maka mutunci, Risha tana biya da naman jikinta, ni ina biya da hawayena, kai kaɗai ne ba ka biya komai ba.

Ga abin da nake nema, kuma ba roƙo ba ne duk da na durƙusa a zuciyata ina faɗa. Ranar Juma'a da safe ka zo bayan gari. Ka tsaya inda ka tsaya. Ka ce, "Baba, na ba da abin da ba nawa ba." Kalmomi ne da ba su kai tsawon sallama ba. Za ka ji kunya, na sani. Kunnuwanka za su yi ja kamar ranar da ka zo neman aurena ka zubar wa Babana gahawa a riga. Wataƙila wani ya yi dariya, wataƙila su ɗauki shekara suna tsokanarka. Ni kuwa na yi maka alkawari, a gaban matan nan duka zan taso daga tabarma in zo in tsaya kusa da kai, a yi dariyar da mu biyu. Kuma daga ranar ba zan sake tayar da maganar ba, ko a faɗa, ko a wasa, ko mun tsufa haƙora sun zube.

In kuwa ba ka zo ba, ka tuna cewa da yammacin Juma'a Babana ke kira. Bai taɓa ajiye waya ba sai ya ce, "Juya mini in ga 'yar gidan." Makon jiya na ce masa ba ta kusa, kuma ban yi ƙarya ba. Wannan makon zai sake tambaya, zan kuma gaya masa inda take da wanda ya kai ta. Ba don in tona maka asiri ba. Don na gaji da riƙe kunyar da ba tawa ba.

Kada ka ce ka manta alkyabbar a gida. Ɗaga rigunan. Tana ƙasan jakar, a ninke, na turara ta don ta koma wa mai ita da mutunci.

Ya ruwan farkon damina, ya ƙayar da na ƙi cirewa, ina fushi da kai fushin da ban san jikina na iya ɗauka ba, kuma duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai na leƙa ko kai ne. Tsohuwar igiyar Risha na rataye a ƙusa kusa da makullinka. Ranar Juma'a zan ɗauke ta in tafi, ina so in dawo da ku biyu.

Taka ce ni, Ƙusai, yau da gobe da ranar da za a tashe mu. Ni kuma in na ɗora hannu a ƙirji na faɗi haka, ba ladabin baki ba ne, kuma ba na jiran a mayar mini.

Matarka,
Ghaida