Dodannin Sahabi Ba Su da Wuya

Lahadi da dare, watan Safar

Yau littattafan Sahabi sun sha da ƙyar. Ƙanen nan nawa tun yana koyarwa a Konni yake tara su, manya masu bangon fata da ruwan zinari, cike da zanen halittun da ke saukowa daga bayan taurari. Bakwai ne, kuma tun da aka rufe boda bai ƙara samun ko ɗaya ba.

Matarsa Tumba ta yi shekaru tana goge su da ladabi, a zatonta na addini ne. Jiya ta buɗe ɗaya. Ta ce mala'iku ba za su shiga gidan ba sai an ƙone su.

Na ga idon Sahabi ya kawo ruwa, sai na kira Malam Isa. Ya ce ba sai an ƙone ba, a ja layin tawada a wuyan kowace sura, ta mutu ke nan. Sahabi ya miƙa masa littafi ɗaya.

Malam ya tsoma alƙalami, ya duba sama, ya duba ƙasa. Halittar ga idanu barkatai, hannuwa kamar saiwar gawo. Ya juyo gare ni.

"Alhaji, wanga abu ina wuyanai?"

Na ce dodon tatsuniyar kakarmu dai yana da wuya, wannan ban san danginsa ba. Malam ya yi ta juya shafi har tawada ta bushe.

Ya yanke a mai da littattafan zaure, Tumba ta yarda. Da zai tafi ya ce gobe bayan la'asar zai dawo ya ƙarasa bincike. Bai ce a tanadi tawada ba.