Minti Shidan da Aka Yanke wa Matar Mai Rumbu

Zuwa ga Mai Girma Daraktan gidan rediyonmu na nan Tawa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ni ce tsohuwar malamar lise, wato makarantar sakandare, da ta rubuta wasan da kuke sakawa ran Laraba da la'asar. Sau biyu na zo biro ɗinka aka ce kana taro, shi ya sa na rubuto a fili.

Na farko. Wasan tsohon labarin Girkawa ne, na wani sarki da ya tafi yaƙi ya shekara ashirin bai komo ba. Na daɗe ina karantar da shi a aji. Littafi ya bi sarkin teku-teku, matarsa kuwa an bar ta a ɗaki tana saƙa, babu wanda ya tambayi abin da gidan ya ci. Marubuta na zamani suna sake ba da irin waɗannan labarai ta bakin matan da aka manta. Ni ma haka na yi da Hausa, kuma kun karanta rubutun duka kafin ku karɓa.

Na biyu. A nawa labarin, mijin ya liƙe bakin rumbu da laka kafin ya tafi, ya ce kada a taɓa sai ya komo. Duk ɗan ƙasarmu ta Adar ya san wannan al'ada. Da yunwa ta yi tsanani matar ta fasa rumbun ta ciyar da gida. A kashi na ƙarshe, da ya komo, take gaya masa dalilinta da bakinta, ba ta sunkuyar da kai ba.

Na uku. Ran Larabar da ta wuce, daidai inda matar ta buɗe baki, aka yanke maganarta aka sa kiɗan taryar maigida. Minti shida ne, na duba agogo. Mai kula da shirye-shiryenku ya ce wai ba haka yake a littafin Girkawa ba. Gaskiyarsa. Amma kalangun da ya sa ma ban gan shi a littafin ba.

Abin da ya fi damuna ba aikina ba ne. Rumbun nan na mahaifiyata ne, kuma ta yarje mini in faɗa. Muna yara a Barmu, babanmu ya tafi bida, wato ci-rani, Abijan, ya rufe rumbu, aike ya yanke. Ta yi surfen mutane don ta samu dusa, ta saƙa tabarmi, ta dafa mana ganye. Da ƙanena ya kwanta rashin lafiya, ta ɗauki taɓarya ta fasa rumbun. Dangin miji suka kira ta ɓarauniya, har babanmu ya rasu ba ta yi masa bayani ba. Na yi mata alkawari za ta ji wata mace ta ba da wannan amsa a rediyo. Ta tara maƙwabta a tsakar gida don su ji. Da maganar ta ɗauke kiɗa ya shigo, ta zaci batir ne ya yi sanyi har rediyon ya kama wata tasha, ta aika aka sayo sabo. Na ji kunya ƙwarai, har yau na kasa gaya mata gaskiya.

Roƙona biyu ne: a sake saka kashi na ƙarshe yadda aka ɗauke shi, a kuma sanar da ranar tun da wuri don labari ya kai Barmu. In kuna ganin wasan bai dace ba, ku faɗa a fili, kada ku ɗora wa Girkawa.

Mahaifiyata ta tsufa, jinta yana raguwa. Sabon batir ɗin yana ƙulle a bakin zanenta, ta hana kowa taɓawa sai ranar.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ikon yin adalci a kujerar da kake kai.

Wassalam.

Malama Hadiza, Tawa