Masabar Baba

Aboabo, Tamale

Zuwa ga Yaya Sayibu, a Jega.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙane ga wansa, Allah ya ƙara maka lafiya, ya sassauta ciwon gwiwar nan. Mu nan kalau. Matata Sahada ta warke, ni dai bayana ne ya gaji, shekara talatin ke nan ina sunkuye a maƙerar ƙasar da ba tawa ba.

Direban motar goro ya kawo mini saƙonka, wai masabar Baba za ka ba Tahidu, yaron maƙerarka, domin ɗana Mutaru ya bar wuta ya bi boko, ya fita daga maƙera. Ka ƙara da cewa dama jinin uwarsa Badagomba ne ya rinjaya. Wannan ta yi mini zafi, Yaya, daga bakin wanda bai taɓa tako ƙofata ba. Tahidu kuwa ba na ƙinsa, na ji hannunsa yana da kyau.

To, Mutaru ya zo hutu daga Ingila. Gwamnatin nan ta 'yanci, da har yau ba ta kawo mana famfo ba, ita ta tura shi, wannan kam ba zan ci mata haƙƙi ba. Kafin ya taɓa tuwo sai da ya tuɓe kwat ya hau zugazugi, kamar yadda ake yi a gidanmu. Imoru maƙwabcina ya tsokane shi, wai Bature zai ƙone. Sai Mutaru ya sa ƙusa a wuta ta yi ja, ya kara mata mayen ƙarfe, ya ƙi kama ta. Da ta huce, ya cafke ta.

Ya ce aikinsa ke nan a can, amma ba da wuta ba. Suna sa ƙarfe ɗan mitsitsi tsakanin uwar maƙera biyu, inji ya yi ta matsawa, nauyin da ko dutsen Dala bai kai ba a kan abin da bai fi ƙwayar gero ba. In matsin ya kai wani wuri, sai cikin ƙarfen ya sake zama, maye ya daina jansa, lantarkin da suke bi da shi ta ciki kuma ya riƙa wucewa da ƙyar. In an sassauta, ya koma halinsa. Ya ce suna son sanin yadda ƙarfen da ke can tsakiyar ƙasa yake ne. Uwayen maƙerar kuma da hannunsa yake goge su, in sun fashe ya sake. Na kama tafinsa na duba, Yaya. Kanta ce irin tamu.

Ka san dokar gidanmu: maƙeri ba ya tafiya ba masaba. Ranar da zai koma na naɗe tawa a buzu na sa masa cikin akwati. Ya ce za ta yi nauyi a jirgi, na ce ya bar littattafai.

Yanzu da aron ta Imoru nake aiki, ga manoman ƙauyen Kanvili sun fara kawo garemani. Motar goron za ta juyo kafin damina. In ka ba direban ta Baba, zan riƙe ta har Mutaru ya dawo. In kuwa ka ba Tahidu, Allah ya sa mata albarka, ni sai in kashe wutata, ba kuma zan yi nadama ba.

Ka gaishe mini da Inna Fatu, da Bintu da yaranta, da Tahidu shi ma. Sahada tana gaishe ka, duk da ta ji abin da ka ce.

Ƙanenka,
Gariba Maƙeri