Mota Ba Ta Karkata

Litinin, 3 ga Maris

Auta ta zo da mijinta, sun ajiye tsohuwar motarsu a ƙofar gida, wai tawa ce. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina facin tayar keke a rumfa, yau ni ake miƙa wa makullin mota. Na ce na gode, amma kekena lafiyarsa lau. Ta ce ba lafiyar keke ake magana ba, ƙugun mahaifiyarta ne. Tun da ta faɗi a banɗaki ba ta iya hawa kariyar bayan keke, ga gashin ƙashi a asibiti duk mako. Sannan ta ce, "Baba, in ba ka koya ba kafin ƙarshen wata, zan tafi da Mama wurina, can asibiti na kusa da mu." Yarinyar da na koya wa keke kenan, ina riƙe da sirdi ina haki a bayanta. Tsohuwar tawa tana kan kujera tana jin mu.

Alhamis, 6 ga Maris

Surukina ne malamin tuƙi. Bawan Allah, kunya kamar ta kashe shi. Na kashe motar har na rasa lissafi, shi kuwa duk lokacin sai ya ce, "Madalla, Baba, ana samun ci gaba."

Asabar, 8 ga Maris

Na goge kekena, na zuba wa sarƙa mai, ba don zan je ko'ina ba. Matashin da tsohuwar tawa ta ɗinka wa kariya yana nan, launinsa ya koɗe. Na tuna shekarun da nake kai ta makarantar da take koyarwa kullum da safe, ta zauna a kaikaice, jaka a cinya, hannu ɗaya riƙe da rigata. Farkon aurenmu in zan sha kwana sai ta sandare kamar itace, mu yi ta tangaɗi. Na ce mata ta daina faɗa da keken, inda na karkata ta karkata. Daga baya ta fi ni iyawa, kafin in juya kan keke ta riga ta kwanta. Ina kewar safiyoyin nan ƙwarai.

Talata, 11 ga Maris

Na goga taya da bakin kwalbati a kwanar gidan burodi.

Lahadi, 16 ga Maris

Yau ma, a kwanar nan dai. A miƙaƙƙiyar hanya ba ni da matsala, da an zo kwana sai motar ta ƙi ni. Surukina ya yi ta shafa ƙeya, da ƙyar ya iya cewa, "Baba, jikinka kake juyawa, sitiyarin ba ya juyawa." Wai har kaina na taɓa kafaɗarsa. Raina ya ɓaci, na ce masa tun kafin a haife shi nake shan kwana. Ya ce haka ne, Baba. Da ma ya yi mini musu, da na samu abin kamawa.

Da muka dawo na tarar da Auta tana auna akwatin mahaifiyarta da ido. Ban ci abincin kirki ba.

Laraba, 19 ga Maris

Da hantsi na jawo kekena na jingina shi da motar, na tsuguna tsakanin tayoyin kamar yadda nake yi a rumfa. Abin da hannuna ya sani tun tuni, sai yau na zauna na yi tunaninsa. Tayar keke a mulmule take kamar bayan cokali, saboda keke kwanciya yake in zai sha kwana, dole gefen tayar ma ya iya taka ƙasa. Da can ina gane mahayi daga tayarsa: matsoraci tsakiya kawai yake cinyewa, mai rawar kai kuwa har gefe ya suɗe. Tayar mota a shimfiɗe take, faɗinta duka a ƙasa, don nauyi take ɗauka kuma a tsaye take juyawa, ƙafa huɗu daram. Ba a yi ta don kwanciya ba. In ka so ka karkata har ka faɗo daga kujera, ba ruwanta.

Tsohuwar ta leƙo ta taga ta ce, "Mai faci, gaisawa kake da su?" Na yi mata bayani tiryan-tiryan. Ta saurara, ta ce ita dai ba ta son zuwa gidan Auta, gadonsu ya cika laushi, kuma ba wanda zai riƙa yi mata surutun taya. Wannan ne karo na farko da ta faɗa.

Asabar, 22 ga Maris

Na manna bayana da kujera kamar an ɗaure ni, hannu kawai ke aiki. Kwanar gidan burodi ta wuce lafiya. Babu daɗi ko kaɗan, kamar ana tura ka a cikin ɗaki. Surukina ya ce madalla, wannan karon na ji bambanci a muryarsa.

Alhamis, 27 ga Maris

Auta ta zauna a baya muka zaga unguwa, ta ƙanƙame ƙofa kamar za a sace ta. Da muka tsaya ta ce saura takardar tuƙi, mijinta zai raka ni. Maganar akwati ba ta sake tasowa ba, ni ma ban tayar ba.

Talata, 15 ga Afrilu

Na kai tsohuwar tawa asibiti da kaina. Ta ƙi zaman baya, ta zauna kusa da ni, ta sa an ɗauko mata matashin kariyar ta tokare ƙugunta da shi. A kwanar gidan burodi na miƙe zam, idona a kan hanya, sai na ji kafaɗarta ta sauka a kan tawa. Na ce mata mota ba ta buƙata. Ta ce, "Na sani. Kai dai yi tuƙinka."

A dawowa na bi ta bayan kasuwa. Hanyar ta fi tsawo, amma ta fi kwana-kwana. Ta lura sarai.

Da na shigo na ga tayar bayan kekena ta sace. Famfo na nan rataye a ƙusa. Na fita na wanke motar tukuna.