Kanarina da Jan Birin Ilu

Daga ƙaninka Sani a ƙasar Gezawa zuwa ga Yaya Habu a Gwanja. Gaisuwa mai yawa. Yaya jiki, yaya iyali, yaya kasuwar goro? Mu nan lafiya lau, gero ya shiga rumbu.

Bayan haka, tun da ciwon ƙafa ya zaunar da Baba a zaure ya daina fara'a. Sai na kamo masa kanari, na yi masa ɗan gida na kara, na rataye. Kullum da safe tsuntsun nan yana kuka mai daɗi, Baba ya ce, "Allah ya yi albarka," shi ke nan.

Ran kasuwa sai ga Ilu ɗan Baffa da jan biri a igiya. Yaya, da me biri ya fi kanari? Kanari ɗan gero ya ishe shi, ba ya ɓarna. Birin nan kuwa ya cinye gyaɗar Inna, ya fizge hular Liman ya haye tsamiya da ita. Amma Baba ya yi ta dariya har da hawaye, ya ce, "Ilu, ka dawo mini da raina." Ya ba shi rigarsa ta saƙi, wadda na daɗe ina sa wa rai. Yanzu ko kanari ya yi kuka, sai ya ce, "Ina birin?"

Ka gaishe da Yaya Hauwa da yara. Ka sa ni a addu'a. Baba yana dariya, ya kamata in yi murna, amma na kasa. Wassalam.