Ƙwayar da Na Zuba wa Abukari a Koko

Aboabo, Kumasi

Zuwa ga Yayana Khalidu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Yaya Fadilatu da yara, Ya sauƙaƙa muku sanyin Hambog, Ya yi wa nemanku albarka. Mu nan muna nan da rai. Mma, mahaifiyarmu, ƙafarta ta yi sauƙi har tana takawa zuwa masallaci, ni kuma ina nan ina fama da tukunyar kokon sayarwata kowace safiya. Ka yi haƙuri da na rubuto maimakon in kira. Ɗakin ƙanenmu Abukari na jikin nawa, bangon kuma ba ya riƙe magana.

Abin da muka faɗa maka a waya, wai ƙanenmu ya ɗan ji rauni a wurin aiki, ƙarya muka yi maka. Sadick ne ya soke shi, wan matarsa Hikma, ranar wata Talata da safe a mayanka. A kan layin yanka suka fara. Abukari ya ce saniyarsa ce a gaba, Sadick ya ja tasa ya wuce. Magana ta kai ga zagin uwa, Abukari ya kwaɗa masa mari har haƙori ya fita, shi kuwa ya zare wuƙar fawa ya luma masa ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ya murɗa. Mahautan da ke wurin sun ce sun kasa bambanta jininsa da na shanu a ƙasa. Kafin azahar samarin layinmu sun farfasa teburin Sadick da adduna, sun banka wa babur ɗinsa wuta, sun yi wa abokin sana'arsa dukan kawo wuƙa. Sadick ya tsere, an ce yana ɓoye a Asokore Mampong.

Awa biyar aka yi ana masa tiyata. Wuƙar ta yaga hanta, dole aka yanke kusan rabinta aka zubar. Likitar, wata mace mai natsuwa, ta ce kada mu firgita, hanta tana tsirowa da kanta ta cike gurbinta cikin makonni. Ka ji ikon Allah, mutumin da ya shekara ashirin yana yanka hanta a kan tebur bai taɓa sanin haka ba.

Da muka dawo gida sai wata masifar ta taso. Ka san zuciyar Abukari tun yana ƙarami. Idonsa jajir, yana kwance yana rantsuwa sai ya kwantar da Sadick ya yanka shi kamar rago. Hikma ta kawo masa ruwa, ya wurga mata kofin tangaran ya fasa mata gira, wai fuskar wanta yake gani a tata. A nan ne na yi wautar da nake son ka ji daga bakina. Ka san halin gidanmu, magani na kowa ne, wanda kansa ya yi ciwo sai ya leƙa ɗakin maƙwabci. Ni kuwa ƙwayar hawan jinina in na sha sai in ji ƙirjina ya kwanta. Sai na riƙa daka biyu ina zuba masa a koko ba da saninsa ba. Kwana huɗu ya yi laƙwas, ina ta gode wa Allah, ina ganin kaina wata babbar likita. Rana ta biyar ya miƙe zai yi alwala, ya yanke jiki ya faɗi, kansa ya bugi bakin kwata, jikinsa sanyi ƙalau.

A asibiti aka tarar jininsa ya sauka ƙwarai. Likitar ta tsare ni da tambaya har na faɗi gaskiya, kunya kamar in nutse. Ba ta zage ni ba, takarda ta ɗauko ta zana mini. Ta ce akwai wani sinadari da jiki ke saki in mutum ya tsorata ko ya fusata, shi ke sa zuciya bugu da sauri. Yana bin jini yana ƙwanƙwasa wasu 'yan ƙananan ƙofofi a jikin zuciya da jijiyoyi, har da hanta, kuma ƙwanƙwasawar nan tana cikin abin da ke gaya wa hanta ta tashi ta hayayyafa. Ƙwayata aikinta rufe wasu daga ƙofofin nan. Ta ce da aka gwada a kan ɓeraye an ga rufe su na iya jinkirta tsirowar, a mutane kuma ana kan bincike, amma ko ba wannan ba na kusa kashe shi. Ta hana ni sake ba shi ko ɗaya.

Ashe Abukari yana kwance yana ji. Ya ce to madalla, kada wanda ya ƙara sanyaya masa zuciya, fushinsa ne ke tsirar masa da hanta, ranar da ta cika kuma zai tafi Mampong. Likitar ta ce ba haka take nufi ba, ɗan abin da jiki ke yi da kansa ya isa, hargowa sai dai ta fasa masa ɗinki. Ya juya fuska ya kalli bango. Liman ya zo har sau biyu, Abukari ko zama bai ce masa ya yi ba. Na kwashe wuƙaƙensa na kai gidan Liman, amma mahauci irinsa ba ya rasa wuƙa a nan unguwar Zango.

Yaya, tun rasuwar Baba kai kaɗai yake jin nauyi. Don Allah ka kira shi, ka yi masa magana irin ta uba, in da hali ma ka zo.

Mma tana gaishe ka, ba ta san rabin wannan ba. Hikma na gaishe ka, tana nan ba ta tafi ba. Ka gaida Yaya Fadilatu, da Nasrullah da Barakatu. Jiya aka ɗauki hoton cikinsa, likitar ta fito da fara'a ta ce hanta na cikowa da kyau, nan da mako uku zai iya fita da ƙafarsa. Kowa ya ce alhamdulillah, ni na fita waje na yi kuka. Ka kira kafin mako ukun nan, Yaya, don ni yanzu in na ɗaga hannu ban san me zan roƙa masa ba.

Taka ƙanwa,
Rakiatu