Na goge kalmar sirrin da ke tsare muryar matata

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da duk masu bibiyarsa. Ina roƙon a ɓoye sunana, kuma wanda zai yanke mini hukunci ya daure ya kai ƙarshe tukuna. Shekarata hamsin, ma'aikacin gwamnati ne ni a Dutse, kuma ban taɓa zaton zan kawo kukana bainar jama'a ba.

Matata ta rasu bara, bayan doguwar jinya. Ita ce take riƙe mana kalmomin sirrin gidan gaba ɗaya, na imel da na makarantar yara da sauransu, a cikin wata manhaja da ke wayarta. Da ciwo ya tsananta, sai ta riƙa naɗar muryarta tana yi wa babbar 'yarmu, wadda muke kira Ummi, nasihar da uwa ke yi wa 'yarta ranar da za a kai ta ɗakin miji. Ta adana saƙonnin a ma'ajiyar imel ɗinta, ta share su daga wayar don kada yarinyar ta ci karo da su. Ta ce mini, "Malam, wannan amanar Ummi ce. Kada ka saurara, kada ka ba ta sai ranar." Na ce in sha Allahu da bakinta za ta faɗa mata. Murmushi kawai ta yi.

Bayan an share makoki, ni ne na matsa a raba gado da wuri, domin ina tsoron riƙe haƙƙin magada. Wayar ta faɗa a rabon mahaifiyar matata da ke Miga. Kafin in miƙa ta, na zauna na kwashe kalmomin sirrin zuwa wata manhajar da ke tawa wayar. Sabuwar manhajar ta nuna mini imel ɗin marigayiyar sau biyu, suna ɗaya, kalmomi daban, ta tambayi wanne zan bari. Ni mutum ne mai ƙin tarkace. Na bar na sama, na goge na ƙasa. Me ya hana ni gwadawa kafin in goge? Gaggawar me nake yi? Daga nan na bi duk ƙa'idar tsaro da na karanta: na share fayil ɗin da na yi kwafi da shi, na rufe asusun tsohuwar manhajar, na wanke wayar tas, na damƙa wa ƙanin matata ya kai Miga. Na koma gida ina jin na sauke nauyi.

Sai da aka sa ranar auren Ummi na je buɗe imel ɗin, aka ce kalmar ba daidai ba ce. Ashe tsohuwar na ajiye, wadda ta daɗe da canzawa. Na nemi a turo lambar tabbatarwa, sai ta tafi layin matata, wanda ba wanda ya ƙara sa wa kati har aka sayar wa wani. Na kira lambar da na haddace tun muna sabon aure, muryar wani namiji ta amsa. Na yi masa bayani, na roƙe shi ya karanto mini lambar tabbatarwar. Ya ce, "Alhaji, ka ji tsoron Allah, irinku mun san su." Ya kashe, ya toshe ni. Ban ga laifinsa ba, domin abin da nake koya wa 'ya'yana ke nan.

Babban abin kunyar shi ne Ummi ta san da saƙonnin, mahaifiyarta ta sanar da ita. Duk sanda ta ce, "Abba, saƙon Umma yana nan ko?" sai in ce yana nan. Ni da ban saba yi mata ƙarya ko da wasa ba. Kwanan baya ta nuna mini sabon abin sauraro na sawa a kunne da ta saya ta ajiye cikin akwatinta, ta ce ita kaɗai take son ta ji, domin muryar Umma ta fara ɓace mata. Na ce Allah ya yi mata albarka, na shige ɗaki.

Biki bayan Sallah ne. In na faɗa mata yanzu, na mayar mata da shirin aure zaman makoki. In na bari sai ranar, da wane ido zan dube ta tana miƙo mini hannu? Ko abin da ke cikin saƙon ban sani ba, balle in maimaita mata, domin umarnin kada in saurara shi kaɗai na cika.

Don girman Allah, me zan yi?